Wa ya kamata ya auna ci gaban ƴaƴanmu a lakwal?

A watan Yunin 2024 jarrabawar CFEPD, wadda iyaye ke kira sartifika, ta dawo a Nijar bayan kimanin shekara goma da soke ta. A Tasawa da Mayahi mutane da yawa sun yi murna, ni ma ina cikinsu. Duk wanda ya riƙe alli a waɗancan shekarun ya san yadda aka yi: yaro ya bar CM2 ya shiga kwaleji da makin da ya tara a kompozisiyo, malaman kwaleji kuma suka yi ta kukan ana turo musu ɗaliban da ba sa iya karanta layi biyu na Faransanci. Dawowar jarrabawar ta maido mana da ma'auni guda, wanda ɗan Korgom da ɗan Yamai za su tsaya gabansa daidai wa daida.

Sai dai sartifika tana zuwa ne bayan shekara shida. Ranar da sakamako ya fito, wanda ya faɗi ya riga ya faɗi, malamin da ya riƙe shi a CI wataƙila an daɗe da sauya masa wurin aiki, uban kuma abin da ya rage masa shi ne ya ce yaro ya maimaita ko ya kama fartanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar da nake son mu tattauna ta shafi abin da ke tsakanin ranar da aka rubuta yaro a lakwal da ranar sartifika: wa zai riƙa auna ci gabansa, yaushe, da wane harshe, kuma wa za a gaya wa sakamakon?

Ra'ayina shi ne gwamnati ta riƙe jarrabawar ƙarshe da hannu biyu, ta kuma tsara matakan da za a riƙa auna yara da su. Amma lokacin awon cikin shekara, da yadda za a yi shi, da abin da za a yi da sakamakonsa, a rubuta cikin doka cewa lakwal da kwamitinta na CGDES ne ke da ikon yankewa.

Awo iri biyu ne, kuma mun saba da ɗaya kawai. Na farko yana tambayar ko yaro ya kai inda ake so ya kai. Na biyu yana tambayar daga ina ya taso, ina yake yau. A ɗauki yara biyu a CE2. Ɗaya ɗan ma'aikaci ne a cikin garin Tasawa, ya shigo aji yana karanta ɗan labari, ya fita yana karanta wannan ɗan labarin. Ɗayar ƴar manomi ce, ta shigo ba ta rarrabe b da d, shekara ta ƙare tana karanta jimla. A kompozisiyo na farkon zai sami 7 bisa 10, ta biyun 3 bisa 10. Takarda za ta ce yaron gwani ne, yarinyar kuma daƙiƙiya. Alhali ita ce ta yi tafiya, shi yana nan inda aka same shi. Uban da ya ga 3 bisa 10 shekara biyu a jere zai yanke hukuncin cewa kan ƴarsa ba ya ja, kuma kowa a nan ya san abin da ke biyo bayan wannan hukuncin ga yarinya mai shekara goma sha biyu: talla, daga nan aure. Saboda haka maganar awo ba ta malamai kaɗai ba ce. Da makin da muke rubutawa ake yanke wa yara zama ko barin lakwal.

Mu duba kalandar. A takarda, lakwal na buɗewa a farkon Oktoba a duk faɗin ƙasa. A cikin gari, inda azuzuwan siminti suke, haka ake yi ko kusa da haka. A ƙauyukan Maijirgi, Urafan, Kanambakashe ko Sarkin Hausa, aji da yawa rumfa ce ta kara da zana, kuma ba a samun kara sai an gama girbin hatsi. Yaran ma suna gona, ana roron wake, ana ɗaurin damma, ana kai wa rumbu. Kafin iyaye su haɗu su kafa rumfar, Nuwamba ta yi nisa. A ɗaya ƙarshen kuma, iskar farkon damina da ruwan shuka suna watsa ajin tun hutu bai zo ba. A tsakani akwai ranar kasuwa da take kwashe rabin aji, akwai gidajen da ke tafiya cin rani Najeriya ko Agadas da ƴaƴansu in rumbu ya yi ƙasa, akwai ƴaƴan makiyaya a arewacin Mayahi da ke bin dabbobi, akwai ƴan matan bakin Gulbin Kaba da ke taya uwaye saƙar tabarma. Ga yajin aikin malaman kwantaragi a shekarun da albashi ke makara.

Duk da haka ranar kompozisiyo daga sama take zuwa, tambayoyin kuma an gina su kan zaton an koyar da darussan wata uku cif. Malamin da ya fara aiki sati shida bayan takwaransa na birni yana da zaɓi biyu. Ko ya yi gudu da darussa don ya kai shafin da ake so, yara su haddace abin da ba su gane ba, ko ya tsaya inda yaran suke, makinsu ya zube, a ce malami ne rago. Yawancinmu gudu muke yi. Shi ya sa za ka iske kayen ɗalibin CM1 cike da tsaftataccen rubutu da ya kwafa daga allo, ka nuna masa kalma ɗaya a ciki ya kasa furta ta.

Sai harshe. Yaron da aka haifa a Hawandawaki da Hausa yake lissafin canjin kuɗi in an aike shi kanti, yana sanin dala nawa ke cikin jika. Ka ba shi wannan lissafin a rubuce da Faransanci, sai ya yi zuru. To me muka auna, lissafi ko Faransanci? Ƙasarmu ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, dokar LOSEN ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har yanzu a yawancin azuzuwanmu awon ɗan CI da CP da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba ake yin sa. A ƙauyen da kowa Bahaushe ne, malami na iya gwada lissafi da Hausa a shekarun farko. A zangon Buzaye ko rugar Fulani, wani harshen ya dace. Wanda ke zaune a ofis ba zai iya sanin wannan lakwal bayan lakwal ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu rasa awo daga sama ba. Binciken PASEC, da ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ɗaliban ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 adadin ya tashi zuwa kusan 3 cikin 10. Waɗannan alƙaluma sun girgiza hukumomi, kuma suna da amfani ga minista da masu ba da tallafi. Sai dai ana yin binciken ne kan samfurin makarantu, shekara biyar-biyar, rahoton kuma da Faransanci yake fitowa a Yamai. Ba ya gaya wa wata uwa a Cake ko ɗanta ya san haruffa.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne muna da wanda za a damƙa wa wannan aikin, ba sai an ƙirƙiro shi ba. Kwamitocin kula da lakwal, da aka fara sani da COGES kafin a mayar da su CGDES a 2012, sun yi ƙarfi ne ta hanyar shirin «Makaranta don kowa» da hukumar JICA ta Japan ta fara da ma'aikatar ilimi a jihar Tawa a 2004, daga baya aka yaɗa shi ƙasa baki ɗaya. Jama'ar gari ke zaɓen wakilan iyaye, akwai wakiliyar ƙungiyar uwaye, akwai darakta da wakilin malamai. Su ke kafa rumfuna, su ke karɓar littattafai da kaye in sun iso, su ke bi gida-gida lokacin rubuta sababbin yara. A ƙarƙashin wannan shirin aka fito da tsarin PMAQ: a yi wa yara gwajin mataki mai sauƙi, a karanta sakamakon a babban taron gari, jama'a su shirya darussan ƙari bayan an tashi, da matasan gari masu ɗan ilimi suna taimakon malamai. Daga baya aka haɗa shi da dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, inda ake raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba: wanda bai san harafi ba, wanda ya san harafi, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, mai karanta labari.

Na ga irin wannan taron a wani ƙauye na Mayahi da na yi aiki. Mun gwada yara ɗaya bayan ɗaya, kowane minti biyar ko shida, da takarda guda. Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi gindin gawo, darakta ya zana layuka biyar a allo, ya rubuta yawan yaran da ke kowane layi, bai ambaci sunan kowa ba. Da ya zo kan ƴan CM1 da har yanzu suke layin haruffa, wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, «Mushe, kana nufin shekara biyar muna hana su kiwo, amma ba su wuce a, b, c ba?» Darakta ya ce, «Baba, gaskiyar ke nan, shi ya sa muka kira ku.» Shugabar uwaye ce ta karya shirun. Ta ce in dai awa ɗaya bayan la'asar ake nema, su za su ɗage tallar yamma kwana huɗu a sati. Wani ya ba da zaurensa, aka haɗa kuɗin fitila da alli. Da aka sake gwaji bayan wata uku, layin haruffa ya ragu, layin kalma ya cika, kuma a taro na biyu mutanen da suka zo sun fi na farko yawa. Shekaru na yi ina aika wa iyayen nan takardar maki, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ma'anar 4,25 bisa 10. Layuka biyar a allo kowa ya gane su.

Ma'aikatan lafiya sun riga mu gano wannan. A yankin Mirriya aka gwada ba uwaye tsinken awon damtse mai launi uku, kore, rawaya da ja, su riƙa auna jariransu a gida don gano tamowa da wuri, aka kuma ga suna yin awon daidai. Yanzu abin ya yaɗu. Likitoci ne suka tsara inda ja ya fara da inda kore ya ƙare, uwa ba ta canza wannan. Amma ranar awo da hannun da ke riƙe tsinken na gida ne, shi ya sa ake kai yaro asibiti kafin ya galabaita. Irin wannan rabon aikin nake nema wa lakwal.

Wasu ƙasashe ma sun sha wannan muhawarar. A Amurka, dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da hukunci kan makarantar da ta gaza. Malamai suka koma koyar da jarrabawa, har aka kama wasu a birnin Atlanta suna gyara amsoshin ɗalibai. A Disambar 2015 Shugaba Obama ya sa hannu kan wata dokar da ta bar jarrabawar shekara amma ta sakar wa jihohi mara kan yadda za su auna makarantu. A jihar Virginia an kafa gwajin ci gaba na cikin shekara a 2021, sai a 2024 majalisar jihar ta ba hukumomin makarantu na ƙananan yankuna damar amfani da wani gwajin da suka zaɓa a madadinsa. Su da ke da kwamfuta gaban kowane yaro sun gano cewa awo guda daga sama, a rana guda, ba ya dacewa da kowa. Balle mu da ajinmu ke jiran kara.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da hujja. Za a ce ai mun gwada: shekara goma aka bar wa malamai ba da maki, aka ga yadda maki ya kumbura. Gaskiya ne. Amma a duba dalilin. A lokacin, makin da malami ya rubuta shi ke buɗe ƙofar kwaleji, shi ke nuna ko darakta ya yi aiki, shi uban yaro ke zuwa roƙo a kai. An sa mai gona ya auna hatsinsa da tiyarsa, a kuma biya shi bisa abin da ya faɗa. Awon da nake magana a kai ba ya buɗe ƙofar komai. Sartifika na nan a ƙarshe tana jira. Lakwal ɗin da ta yi ƙaryar cewa ƴaƴanta duka suna karanta labari, ranar CFEPD asirinta zai tonu, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Za a ce kuma yawancin ƴan kwamiti ba su yi boko ba, a wasu garuruwan ma kwamitin sunansa kawai ya rage, ko ya zama na mai gari da danginsa, ko darakta ya mayar da shi ɗan amshin shata. Wannan ma na gani da idona. Sai dai kwamitin da aikinsa kawai tara kara da karɓar kuɗin gudummawa ba abin mamaki ba ne ya mutu. Mutane na zuwa taro in za a gaya musu abin da ya shafi ƴaƴansu kai tsaye. Kuma ba a ce ɗan kwamiti ya rubuta tambayoyi ba. Malami ke gwaji, kwamiti ya tsayar da rana, ya shaida, ya kira gari, ya shirya abin da za a yi. Wanda bai iya karatu ba yana iya gane ko yaro na karatu ko yana inda-inda.

Damuwa ta uku ta fi nauyi: kada sassauci ya zama hanyar da gwamnati za ta zame kafaɗa. A Janairun 2016 an fitar da dokar miƙa wa kwaminoni wasu ayyuka na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli tare da kuɗinsu. Ayyukan sun sauko, kuɗin kuwa kowane magajin gari zai ba ka labari. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun kwaminoni aka naɗa masu riƙon ƙwarya. In aka ce wa ƙauye «ku auna da kanku» ba takarda, ba horo, ba mai zuwa dubawa, to an ƙara wa talaka kaya ne kawai, garuruwan da ke da ƴan boko da ƴan kasuwa su ci gaba, na nesa su ƙara nitsewa.

Shi ya sa nake so abin ya zama a rubuce, kowa ya san nasa. Ma'aikatar ilimi ta tsara matakan karatu da na lissafi, iri ɗaya daga Diffa zuwa Tilaberi, ta buga takardun gwaji da Faransanci da harsunan ƙasa, ta wajabta a yi awo aƙalla sau uku a shekara. CGDES da malamai su zaɓi ranakun bisa lokacin da karatu ya fara da gaske a garinsu, su zaɓi harshen gwaji a azuzuwan farko, su yanke yadda za a yi darussan ƙari. Don a toshe ƙofar son kai, malaman da ke CAPED ɗaya, wato taron ƙara wa juna sani na lakwal-lakwal maƙwabta, su riƙa musayar azuzuwa ranar gwaji, ni in gwada naka, kai ka gwada nawa. Mai ba da shawara kan koyarwa, in ya zo rangadi, ya ɗauki yara goma da ka ya sake gwada su. Tarayyar kwamitocin kwamin ta tattara sakamakon ta ga wace lakwal ce ke buƙatar agaji. A kuma rubuta ƙarara cewa ba za a yi amfani da wannan sakamakon wajen korar yaro, ko yanke albashi, ko sauya wa malami wuri don horo ba. Ranar da aka ɗaura hukunci a kansa, ranar zai fara ƙarya.

Wannan ba ya bukatar gini ko mota. Takarda ce, da horon kwana biyu ko uku, da sa hannun hukuma wanda zai ba darakta kariya in ya ce kompozisiyon Disamba ba ta dace da ajin da aka buɗe a ƙarshen Nuwamba ba. A yau malamin da ya tsaya ya koya wa ƴan CE2 haruffa, saboda ya ga can suke, yana yin haka ne a ɓoye, yana cika kayen shirin darasi da abin da bai koyar ba don kada a same shi da laifi. Doka ta fito da wannan aikin fili ta ba shi suna.

Kiran da zan yi ga ƴan uwana malamai da shugabannin CGDES na Tasawa da Mayahi shi ne kada mu jira takarda daga Yamai kafin mu fara abin da ba a hana mu ba. Ba wanda ya hana malami ya zaunar da yaro minti biyar ya ji karatunsa, ba wanda ya hana kwamiti ya kira gari. In lakwal ashirin a kwamin ɗaya suka yi haka shekara guda suka ajiye sakamakonsu, za mu je gaban hukuma da abin nunawa a hannu. Ga iyaye kuma, in an kawo muku takardar maki, ku je lakwal ku tambayi mushe abu biyu: a wane mataki ɗana yake, a wane mataki yake farkon shekara? In bai da amsa, ku nemi a kira taro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani.